Kurakuran da ke kayar da ɗalibai a gasar fiziks

Duk shekara sai an kawo mini sabbin ɗalibai masu shirin shiga gasar fiziks, kuma duk shekara kurakuran nan dai su ne. Yara ne masu ƙwaƙwalwa, galibinsu su ke zuwa na ɗaya a ajinsu, kuma daga nan matsalar take farawa. Jarrabawar makaranta abin da aka koya maka take tambaya. Gasa kuwa abin da ba ka taɓa gani ba take ɗora maka, don a ga ko ɗan abin da ka sani zai fitar da kai. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya karanta.

Babban ciwon shi ne leƙen amsa. Ɗalibi zai buɗe tsohuwar tambayar gasa, ya dube ta minti biyar, ya ga ba hanya, sai ya juya shafin amsa. Yana karantawa yana gyaɗa kai, kowane layi ya zauna masa daram, ya rufe littafi yana ganin ya iya. Wallahi bai iya ba. Abin da ya gane shi ne tafiyar da wani ya yi, amma abin da gasa ke nema shi ne matakin farko: wa ya ce maka a nan dokar adana makamashi za ka ɗauko, ba dokar Newton ta biyu ba? Wannan zaɓin shi ne aikin, kuma shi ne abin da shafin amsa ke miƙa maka a banza tun a layin farko. Ba shi irin tambayar bayan mako guda, ka ɗan sauya mata kama, za ka ga ya yi zuru.

Ku dubi yadda babbar gasar duniya ta wannan fanni take. Olimfiyad ɗin fiziks, wadda aka fara a birnin Warsaw na ƙasar Poland a 1967, ɗalibai 5 kacal kowace ƙasa ke turawa. A takardar rubutu, tambayoyi 3 ake bayarwa a awa 5. Wato tambaya ɗaya ta fi awa ɗaya da rabi. Wanda bai taɓa zama minti arba'in da tambaya ɗaya tana wahalar da shi ba, ina zai samo haƙurin wannan zama?

Dokata ga ɗalibaina ita ce: ba a buɗe amsa ranar da aka fara tambaya. Ka yi fama da ita, ka rubuta duk hanyar da ka bi ta toshe, ka kwana da ita. Washegari in har yanzu ta ƙi, ka rufe shafin amsar da takarda, ka zame ta layi ɗaya tak, ka rufe, ka koma ka ci gaba da kanka. Wasu malamai suna ganin ɓata lokaci ne, gara yaro ya ga tambayoyi da yawa. Ni dai ban taɓa ganin yaron da ya ci gasa da yawan tambayoyin da ya kalla ba.

Haddar fomula ƙanwar leƙen amsa ce. Fomular da ba ka san daga ina ta fito ba, ba ka san inda take daina aiki ba. Wanda ya haddace fomulolin gudu mai ƙaruwa daidai wa daida zai ɗora su a kan abin da ke lilo a jikin sifirin (murɗaɗɗiyar wayar nan mai miƙewa ta koma), alhali a can ƙaruwar gudun tana canjawa kowane lokaci.

Sai zuba lambobi tun da wuri. Ka bar haruffa su kai ka ƙarshe, sannan ka taɓa kalkuleta. Dalilin shi ne amsar da ke cikin haruffa ana iya yi mata tambaya. Ga misali: igiya ce aka rataya a kan ƙaramar taya mai juyawa, da nauyi m1 a wannan gefe, m2 a wancan. Ƙaruwar gudunsu ita ce g(m1 − m2)/(m1 + m2), inda g ke nufin ƙaruwar gudun abin da aka saki yana faɗuwa ba abin da ya riƙe shi. A ce ka yi kuskure ka bar m1 kaɗai a ƙasan layin rabawa, maimakon m1 + m2. In lamba ce a gabanka, ba abin da zai nuna maka. In haruffa ne, sai ka ce: to idan m1 ya zama ɗan mitsitsi fa? Fomularka za ta ba ka abin da ya ninka g sau da yawa, wato abu yana faɗuwa fiye da wanda aka sake shi ba igiya. Nan take ka san akwai ɓaraka. Minti ɗaya wannan binciken ke ci.

Yanzu ga wanda ya fi ƙona mini rai: raina gwaji, wato aikin awo da kayan aiki.

Akwai wata ɗaliba da na yi watanni ina horarwa, ban taɓa samun mai kaifin lissafinta ba. Duk ranar da na fito da zare da rula da agogo sai ta ce, “Malam, ai wannan wasan yara ne, a ba mu tambaya mai wuya.” Ranar tantancewa ta zo. A takardar rubutu ba wanda ya kama ƙafarta. A ta gwaji aka ba su abin da ta raina ɗin nan: ɗan ƙarfe a bakin zare, a auna g. Ta saki ƙarfen, ta auna lilo ɗaya, ta sa a fomula, ta rubuta amsa mai lambobi shida bayan ɗigo, ta ajiye biro. Wanda ke bayanta da nisa a rubutu shi ya ɗauke gurbin. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don ba ilimi ne ya kayar da ita ba.

Ku saurara da kyau, don ba na son in sake ganin wannan. A Olimfiyad ta duniya maki 50 ne gaba ɗaya, 20 daga ciki na gwaji ne, shi ma awa 5 ake ba shi. Wane mai hankali ne zai watsar da kashi 40 cikin 100 na makinsa?

Zare mai tsawon mita 1 yana ɗaukar kusan daƙiƙa 2 kafin ya je ya dawo. Yatsanka a kan agogo yana iya makara ko gaggawa da kusan daƙiƙa 0.2. In lilo ɗaya ka auna, kuskurenka kashi 10 cikin 100 ne, kuma da yake lokacin ana ninka shi da kansa a fomular, a kan g sai ya zama kusan kashi 20. Ka ƙirga lilo 20, kusan daƙiƙa 40 ke nan, makarar yatsan tana nan yadda take, amma kuskuren g ya sauko kusan kashi 1. Ba sabon kayan aiki, ba komai, ƙirga kawai. Sannan tsawo ɗaya bai isa ba. Ka sauya tsawon zaren sau shida ko bakwai, ka zana giraf na T² da tsawo (T shi ne lokacin lilo ɗaya), ka ciro g daga karkatar layin. Kada ka tilasta wa layin ya bi ta sifiri. Idan ka auna zaren zuwa saman ƙarfen maimakon tsakiyarsa, layin zai kauce wa sifiri kaɗan, amma karkatarsa ba za ta canja ba, g ɗinka yana nan lafiya. Wanda ya ja layin da ƙarfi zuwa sifiri shi ya ɓata abinsa da hannunsa.

Su kuma lambobi shida bayan ɗigo, ƙarya ce kake yi wa mai duba takarda. Rular da ke nuna milimita ba ta ba ka wannan ba. Ka rubuta 9.8, ka faɗi iyakar kuskurenka, ka nuna yadda ka same ta.

Kuma kada wanda ya ce mini ba su da ɗakin gwaji. Zare, rula, agogon waya, takardar giraf: da waɗannan nake sa ɗalibaina yin gwaji ɗaya duk mako, su rubuta teburin awo da biro tun a karon farko, ba a takardar shara ba da niyyar kwafewa daga baya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai son ganin inda gwaji ya kai ya leƙa gasar matasan masana fiziks da aka fara a Mosko a 1988: tambayoyi 17 ake fitarwa tun kusan shekara guda kafin gasar, ƙungiya ta yi bincikenta, ta zo ta kare shi a gaban wata ƙungiyar da aikinta shi ne neman inda ya yi rauni.

Sauran ƙanana ne, amma suna cin maki. Kalkuleta tana auna kusurwa da digiri alhali lissafin na radiyan ne. Amsa ba ma'auni, ko santimita ta cakuɗe da mita. Fara lissafi ba tare da an zana hoton abin da ake magana a kai ba. Barin shafi fari don ba ka kai ƙarshe ba, alhali mataki-mataki ake raba maki, ko dokar da ta dace ka rubuta za ka tsira da wani abu. Maƙalewa a sashe ɗaya, bayan sau da yawa sashen gaba ana iya yinsa ko na baya bai fita ba, don haka ka karanta takardar duka kafin ka ɗora biro.

Sai masu tsalle daga wannan shirin horo zuwa wancan suna tara takardun shaida. Shiri ɗaya da za a karɓi aikinka a duba a dawo maka da shi da jan biro ya fi biyar da za ka zauna ana yi maka lacca. Kafin ka yi rajista ka tambaya ko ana duba aikin ɗalibi ɗaya bayan ɗaya, kuma ko ana taɓa kayan gwaji. Ka kuma karanta sharuɗɗan gasar da kake hari tun da wuri: ta duniya ba ta karɓar ɗalibin jami'a, ba ta kuma karɓar wanda ya wuce shekara 20.