Yadda ake gano yoyon kwale-kwale a toshe shi

Masunta sun sha tambaya ta kan wannan, to ga yadda ake yi da na katako.

1. Jawo shi tudu, ka ɗora kan gungume biyu.
2. Wanke laka da gansakuka.
3. Zuba ruwa a ciki ya rufe gindinsa kawai. Kada ka cika shi, nauyin ruwa na buɗe mahaɗar katako.
4. Leƙa ƙarƙashi, ka sa alama da alli inda yake ɗiga. A kula: ruwa kan bi jikin katako ya ɗiga nesa da tsagar, sai ka bi sawunsa. Ka fi zargin mahaɗai da gindin ƙusoshi.
5. Kwashe ruwan.
6. Bar shi ya bushe sarai, kwalta ba ta kama jiƙaƙƙen itace.
7. Kankare tsohuwar kwalta. In wuƙa ta nutse, katakon ya ruɓe, canza shi ya fi.
8. Cusa auduga cikin tsagar. Kada ka danƙara ta, katako na kumbura a ruwa.
9. Shafa narkakkiyar kwalta ciki da waje.
10. In ta sandare, gwada shi a bakin gaɓa tukuna.