Yadda ɗan kasuwa zai auna hanyar dogo tsakanin teku biyu kafin ya biya kuɗin dako

Duk ɗan kasuwar Damagaram da ya taɓa zama a rumfarsa ta kasuwar Dole yana ƙirga kwanakin isowar kwantena ya san cewa jinkirin kaya ya fi tsadar dako ciwo. A watan Maris na 2021 jirgin Ever Given ya tokare mashigin Suez har kwana shida, sannan a 2023 fari ya rage ruwan tafkin Gatun, wanda ke ba mashigin Panama ruwa, aka tilasta rage yawan jiragen da ke ratsa mashigin Panama a kowace rana. Tun daga lokacin kamfanonin dako suka ƙara mai da hankali kan wata tsohuwar dabara: a sauke kaya a gaɓar wannan teku, jirgin ƙasa ya ƙetare da su, a sake loda su a gaɓar wancan.

Abin da za ka fara yi shi ne ka tambayi wakilin da ke fito maka da kaya ainihin hanyar da kwantenarka za ta bi, domin yawancin kayan Sin da ke zuwa Lome ko Kwatano ta kudancin Afirka suke zagayowa, ba ruwansu da Panama. Maganar dogo ta fi shafar wanda kayansa ke tasowa daga yammacin nahiyar Amurka.

Idan hanyarka ta biyo ta can, to ka san layukan da ake magana a kansu. Dogon Panama, wanda aka buɗe tun 1855, kusan shekara sittin kafin mashigin, yana haɗa tashar Kolon ta gaɓar tekun Atlantika da ta Balbowa ta gaɓar tekun Pasifik a tafiyar kilomita 76, kuma da shi kamfanin Maersk ya ƙetarar da wasu kayansa a farkon 2024. A Meziko kuma akwai layin Tehuwantefek, shi ma tsakanin tekunan biyu, mai tsawon kimanin kilomita 300, wanda aka farfaɗo da shi a Disamban 2023.

Inda lissafi yake ɓoye, a ganina, shi ne wurin saukewa da lodawa. Babban jirgin ruwa yana ɗaukar kwantena fiye da dubu goma, alhali jirgin ƙasa, ko da an ɗora su bibbiyu, ƴan ɗaruruwa yake ja. Saboda haka kayanka za su iya kwana a tasha suna jiran layi, kuma kowane ɗagawa da ajiyewa yana da kuɗinsa da haɗarinsa. Wanda ya taɓa tsayawa a tasha ana juye buhunan shinkafa daga wata babbar mota zuwa wata, ya ga buhu ya fashe ƴan dako suna tsince hatsi da tafin hannu, ya fahimci abin da nake nufi. Don haka ka nemi a rubuta maka farashi ɗaya daga tashar farko zuwa ta ƙarshe, a takardar lodi guda, ka tabbatar inshorarka ta haɗa da tafiyar dogo, kuma a fayyace wanda zai biya kuɗin ajiya idan kwantena ta makale a tsakiya.

Daga nan sai ka dubi irin kayan. Magunguna, kayan gyaran injina da hajar da ake sauri da ita saboda salla suna iya ɗaukar ƙarin kuɗin, amma kaya masu nauyi da ƙarancin riba irin su siminti da taki gara su jira mashigi.

Kada kuma ka manta cewa tafiyar ba ta ƙare a bakin teku ba. Dogon Kwatano a Faraku ya tsaya, tun bayan rufe iyakar Benin a 2023 kaya da yawa ta Lome da Burkina Faso suke biyowa, kuma aikin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021 shi ne fatan yankinmu mafi kusa. Kwanakin da ka tsira da su a Panama, sai ka haɗa su da na mota da na duwan kafin ka yi wa abokin ciniki alkawarin rana.