Babi na 7: Idan Baƙin Ƙunshi Ya Ci Miki Fata

Darasi na 1: Gane abin da ya same ki

Jan lalle na gargajiya ganye ne. Sai ya daɗe a hannu kafin ya kama, kuma da wuya ya cuci fata. Baƙin nan na zanen fulawa, wanda muke kira dayis, yawanci rinin gashi ne. A cikinsa akwai wani sinadari mai suna da haruffa uku: P, P, D. Ɗauki fensir ki rubuta su manya-manya a littafinki. Shi ke sa zane ya kama da wuri, shi ne kuma yake cin fata.

Ba lallai ya nuna a ranar ba. Wadda jikinta ya taɓa ƙin sa, cikin kwana 1 zuwa 3 za ta ji ƙaiƙayi. Wata kuwa sai ta kusa kwana 14, an gama biki, amarya har ta tare. Alamarsa ita ce ƙurajen suna bin zanen: inda reshen fulawa ya lanƙwasa, nan suka lanƙwasa.

Darasi na 2: Kada ki sosa

Wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu marar ƙamshi. A hankali, ba da soso ba. Sai ki jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan randa, ki matse, ki ɗora kamar minti 10. Idan ba ki iya duba agogo ba tukuna, ba komai, ki bar shi har sanyinsa ya tafi, ki sake jiƙawa.

Yanzu ga babban aikin. Kada ki sosa. Na san ƙaiƙayin yana hana barci, amma farce yana ɗauke da datti, kuma shi ke mayar da ƙurji gyambo. Ƙaiƙayi ya taso? Tsumma. Ya dawo cikin dare? Tsumma. Yanke farcenki yau, don hannu yana sosawa ko mai shi tana barci. Idan wurin ya yi bororo, wato ya ɗuri ruwa, kada ki fasa. Fatar da ke samansa ita ce murfinsa.

Mu karanta tare da ƙarfi: BA A SOSAWA. BA A FASAWA. Sannu da ƙoƙari, mu sake.

Haba iyayena! Bayan ƙaramar Sallah na faɗi wannan a aji har muryata ta dishe, ina gani hannuwa na motsi ƙarƙashin mayafi. Wata ma allura ta sa ta fasa bororon, ta bi da man goge baki. Wa ya koya muku? Ba toka, ba kanwa, ba man bilicin. In kika sosa, tabon da zai zauna miki wata da watanni ke kika zana shi.

Darasi na 3: Karanta kwalin magani

A kemis, ki nemi man shafawa mai suna Hydrocortisone. Harafinsa na farko H ne, kamar na Hauwa. Kusa da sunan za ki ga 1%: lamba ɗaya, sai sanda tsakanin ƙananan sifili biyu. Shafa kaɗan, safe da dare, kada ki wuce kwana 7. Ba a shafa shi inda fata ta fashe. Ƙwayar maganin ƙaiƙayi irin su Piriton tana sa barci. Mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa wa mai kemis kafin ta sha.

Kuma dai kada ki sosa.

Darasi na 4: Lokacin asibiti

Mugunya, zazzaɓi, bororo da yawa, ko ciwon yana yaɗuwa: tafi asibiti. Fuska ko leɓe ya kumbura, ko numfashi yana sarƙewa: tafi a take, ko da tsakar dare ne.

Darasi na 5

Wadda dayis ya ci sau ɗaya ta bar shi har abada, har da rinin gashi. Aikin gida: rubuta PPD sau 5.