Yadda Ake Nutso daga Gaɓa a Kogwannin Murjani na Dahab

Dahab ƙaramin gari ne a gaɓar Mashigin Aƙaba, a kudancin Sinai na ƙasar Masar, kimanin kilomita 90 arewa da Sharm el-Sheikh. Masu nutso na son garin ne saboda ba sai da jirgin ruwa ba: murjani ya fara tun daga bakin gaɓa. Motar a-kori-kura ta sauke ka da kayanka, ka shirya a kan shimfiɗa, ka taka ka shiga. Kudu da garin akwai wurin da ake kira The Caves, inda ƙarƙashin faifan murjanin ya rarake ya zama kogwanni masu faɗin baki, kusa da gaɓa, ba zurfi sosai. Ina son wurin ƙwarai, kuma sauƙin nan nasa ne yake sa ni yi wa kowa dogon bayani kafin mu jiƙa ƙafa, domin ruwan da ba zurfi yana sa mutum sakaci.

Kafin maganar kaya, maganar jiki. Mai ciwon sikila kada ya yi nutso da tukunyar iska, kuma wannan ya shafe mu fiye da yawancin baƙin da ke zuwa Dahab. Mai asma, ko ciwon zuciya, ko farfaɗiya, sai ya ga likitan da ya san harkar nutso tukuna. Mura ma kaɗai ta isa ta hana ka shiga ranar, don kunne ba zai buɗe ba. Sannan takardar shaida: matakin farko, wanda ake kira Open Water, iyakarsa mita 18. Ka nemi cibiyar da ke da lasisin CDWS, hukumar da ke kula da cibiyoyin nutso a Masar, ka ɗauki jagora ɗan gari ko da ka ƙware.

Bahar Maliya, wadda Mashigin Aƙaba reshenta ne, ta fi yawancin tekuna gishiri, kusan giram 40 a lita ɗaya, alhali na manyan tekuna kusan 35 ne. Ruwan zai riƙa ɗaga ka sama, don haka darmar ƙara nauyi da ka saba ɗaurawa a wani wuri ba lalle ta ishe ka ba. Gwada nauyinka a wuri mai sauƙi kamar Lighthouse da ke cikin gari kafin ka je kogo. Ka sa takalmin roba mai kaurin tafi, da fin, wato faffaɗan takalmin iyo, irin mai maɗauri a dunduniya. A kan faifan murjanin akwai bushiyar ruwa mai dogayen ƙayoyi, akwai kuma kifin dutse, wanda ba ka bambanta shi da dutsen sai ka taka, kuma dafinsa mugu ne. Ɗauki tocila, ko da rana tsaka ce.

Da kun isa, kada ka yi saurin ɗaukar tukunya. Tsaya a bakin ruwa ka kalli yadda igiya ke dukan gefen faifan, minti biyar ko fi. Iskar Dahab daga arewa take busowa mafi yawan lokaci, tana da ƙarfi, shi ya sa masu wasan filafilan iska suka cika garin. Tambayar da nake yi wa kaina ita ce: in na dawo a gajiye, da kilo ashirin da wani abu a bayana, zan iya hawowa ta nan? In amsar ba ta fito da sauri ba, mu koma mota mu nemi wani wurin. Shiga ba ta da wuya, ko yaro ya iya faɗawa ruwa. Fita ce ke karya gwiwa da fasa tafin hannu. Ka kuma zaɓi alama a tudu, wani dutse ko rumfa, wadda za ka gane daga cikin ruwa.

Ku duba juna kai da abokin nutsonka: rigar iska tana cika tana sacewa, darma a ɗaure, maɗaurai daidai, tukunya a buɗe tana nuna wajen bar 200 a ma'aunin matsin iska. Ja numfashi ta regileta, wato abin shaƙar iska da ake sawa a baki, kana kallon allurar ma'auni. In ta motsa, ba a buɗe tukunyar sosai ba. Ku yi yarjejeniya tun a tudu kan bar nawa za ku juyo, da abin da za ku yi in kun rabu: neman minti ɗaya, sannan kowa ya hau sama a hankali. Ka taka zuwa bakin faifan da iska a rigarka, regileta a baki, hannu ɗaya dafe da tabarau.

Wajen sauka, toshe hanci ka hura a hankali tun daga mita ta farko, kada ka jira kunne ya yi zafi. A mita 10 matsin ya ninka na tudu sau biyu, wato canji mafi girma yana cikin waɗannan mitocin na sama, inda kogwannin suke. Iskar da ka shaƙa a mita 10 za ta ninka girma in ka kai sama. Saboda haka ba a riƙe numfashi, ko na ɗan lokaci, ko don ɗaukar hoto. Hawan mita biyu da cikakken huhu a rufe yana iya yaga shi.

To, ga bakin kogo. Da zarar dutse ya shiga tsakaninka da sama, dokar ta canza, don in wani abu ya faru ba za ka iya miƙewa sama kai tsaye ba. Ni ƙa'idata ita ce in riƙa ganin hasken bakin kogon a kowane lokaci, kuma wurin ya zama mutum biyu za su iya wucewa kafaɗa da kafaɗa. Duk wani lungu mai duhu da ya fi haka matsi, na masu horon kogo ne da igiyarsu da tukwanensu biyu. Kafin ka shiga, daidaita iskar rigarka har ka tsaya cak a tsakiyar ruwa, ba ka nitsewa ba ka tashi. Lanƙwasa gwiwa, ɗaga fin sama, ka riƙa shuri irin na kwaɗo. Shurin sama da ƙasa yana tayar da rairayi, cikin daƙiƙa kaɗan ruwa garau ya koma kamar kunu, na bayanka ba ya ganin komai. In hakan ta faru, tsaya, numfasa, nemi inda haske ya fi yawa, ka nufe shi sannu.

Haska rufin da tocila. A nan ne launi yake: soso ja da ruwan ɗorawa, murjani mai laushi, ƙananan kifaye masu sheƙi da ke taruwa a inuwa, wani lokaci kifin zaki yana rataye kansa ƙasa. Kada ka taɓa komai, kada tukunyarka ta goge rufin. Abin da ka karya cikin daƙiƙa ɗaya shekaru ya yi yana girma. Kumfar numfashinka ma tana taruwa a rufin tana cutar da abin da ke manne a can, shi ya sa ba na daɗewa a ciki. In ka ga aljihun iska a sama, kada ka cire regileta ka shaƙa. Sai ka juyo ka kalli waje daga ciki, shuɗin ruwan yana cika bakin kogon. Don wannan kallon nake zuwa.

Raba iskarka uku: kashi ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya na ajiya. Hau a hankali, kada ka wuce mita 9 zuwa 10 a minti, ka tsaya minti 3 a mita 5, ka fito da aƙalla bar 50. A bakin faifan, jira igiya ta ɗaga ka maimakon ka yi kokawa da ita, kuma ku fita ɗaya bayan ɗaya.

Za a yi maka tallan Blue Hole, wani rami mai zurfi a cikin teku, arewa da gari. Gefensa na sama yana da kyau, amma ƙofar da ke cikinsa tana wajen mita 55, kuma allunan sunayen waɗanda suka mutu a can suna manne a jikin dutsen gaɓar. Ba wurin mai takardar mita 18 ba ne.

Bayan fitowa ka sha ruwa sosai. Saboda ƙishirwa ne ba na haɗa nutso da azumi. In ka ji ciwon gaɓoɓi, ko jiri, ko wani sashe na jiki ya mutu, faɗa nan take a ba ka iskar oksijin. Akwai ɗakin matsin iska na jinya a Dahab da Sharm. Kada ka hau jirgin sama sai bayan awa 12 in nutso ɗaya ka yi, awa 18 in ka maimaita. Hawan tudu ma haka yake. Da yawa daga cikinmu ba ma zuwa Sinai mu koma ba mu ziyarci Jabal Musa ba, tsayinsa kuwa mita 2,285, garin Sant Katrin da ke gindinsa ma ya kai wajen mita 1,500. Ka fara da dutsen, ka huta, sannan ka sauko teku.