Yadda na gyara haɗin manhajata da MySQL

Kwana biyu ina fama da wannan a wani shagon atamfa a Kantin Kwari. Manhajar lissafin da na rubuta da Python tana aiki lafiya lau a kan kwamfutar Ubuntu da MySQL, manhajar adana bayanai, yake ciki, amma daga laftof ɗin Alhaji sai kuskure mai lamba 2003, wai ta kasa isa ga saba, wato kwamfutar Ubuntu ɗin.

Na canja kalmar sirri, shiru. Na sauya waya, shi ma a banza, tunda ping, gwajin ko kwamfutocin biyu suna jin juna, yana amsawa.

Ashe MySQL kansa kaɗai yake saurare. Na buɗe /etc/mysql/mysql.conf.d/mysqld.cnf, na tarar da bind-address = 127.0.0.1, wato daga kwamfutar da yake ciki kaɗai yake karɓar haɗi. Na mayar da shi 192.168.1.10, adireshin sabar a shagon, sannan sudo systemctl restart mysql. Ƙofar 3306 kuma, wadda ake bi a isa ga MySQL, na buɗe ta ga 'yan gida kawai, wato kwamfutocin shagon: sudo ufw allow from 192.168.1.0/24 to any port 3306.

Sai kuskuren ya koma 1130. Na ma ji daɗi, don an iso bakin ƙofa, baƙon ne ba a sani ba. Asusun 'shago'@'localhost' ne kawai MySQL ya sani, shi kuma daga kan sabar kaɗai yake shiga. Na ƙirƙiri 'shago'@'192.168.1.%', na yi masa GRANT, wato na ba shi izini, a kan rumbun bayanan shagon kaɗai.

Kafin kiran la'asar, jerin atamfofi ya fito a laftof ɗin. Alhamdulillahi, na gode wa Alhaji da haƙurinsa.