Yadda Ake Tantance Ma'anar "Mahaifa" Kafin a Rubuta ko a Fassara

Kalmar "mahaifa" harafi bakwai ce a takarda, amma abubuwa huɗu take ɗauke da su: iyaye, garin da aka haifi mutum, gurbin da ɗa yake kwanciya a cikin uwa, da kuma abin da ke biyo bayan jariri ranar haihuwa. Mai magana da baki ba ya cika ruɗewa, domin karin sauti da yanayin zance suna raba masa gardama. Mai rubutu ne ke shiga tsaka mai wuya, musamman mai tsara sanarwar asibiti da ɗalibin da ke mayar da nassin Larabci zuwa Hausa.

Fara da ƙirar kalmar

Tushenta aikatau ne, "haifa". Idan "f" ta zo kafin "u" sai ta koma "h", shi ya sa muke da "haihu" da "haihuwa". A karin harshen yamma, wajen Sakkwato da cikin Nijar, za ka ji "mahaihi" da "mahaihwa" a maimakon "mahaifi" da "mahaifa", kuma duk kalmomin nan ne dai.

Ɗafa-goshin "ma-" yana fitar da mai aikin, yana kuma fitar da wurin aikin. Daga mai aikin muka sami mahaifi da mahaifiya, jam'insu mahaifa. Daga wurin aikin muka sami wata mahaifar daban. Abin da ya raba su karin sauti ne. Furta "mahaifa" da nufin iyaye, za ka ji muryarka ta hau, ta sauka a gaɓar tsakiya, ta sake hawa. Furta ta da nufin wuri, za ka ji gaɓoɓin uku duk a sama suke. Haka "mahauta" take tsakanin masu fawa da wurin yanka, haka "maƙera", haka "ma'aikata". Boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ajami ma haka, don haka mai karatu ba shi da wannan madogara.

Abin da zai dogara da shi shi ne nasaba. Mahaifa ta wuri mace ce tilo, ta iyaye kuwa jam'i ce. "Mahaifarsa" da "mahaifansa", "mahaifata" da "mahaifana", "mahaifa ce" da "mahaifa ne". Idan jimlarka ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan alamomi, kamar a kanun labari, kada ka bar mai karatu da canka. Rubuta "iyaye" ko "garin haihuwa" ka huta.

Inda kuskure ke iya jawo asarar rai

Ragowar ma'anoni biyun su ne masu haɗari, domin karin sautinsu ɗaya, jinsinsu ɗaya, kuma a ɗaki ɗaya ake ambatonsu.

Mahaifa ta ainihi tsoka ce a ƙasan mara. Tsawonta santimita 7 zuwa 8 ne idan babu ciki, nauyinta bai kai giram 100 ba. A ƙarshen ciki takan kai kimanin kilo ɗaya, sannan ta tsuke ta koma yadda take cikin mako shida, wanda ya yi kusan daidai da kwanakin arba'in na jego. Ba ta barin jikin mace sai da tiyata. Ɗayar kuwa, wadda ungozoma ke kira mabiyiya ko uwa, da cikin take samuwa, da shi take ƙarewa. Faifai ce ta nama mai faɗin kimanin santimita 20 da nauyin kusan rabin kilo, igiyar cibiya a manne da ita. Sunanta ma ya faɗi aikinta: ita ce mai biyowa.

Don gane wadda ake nufi, dubi aikatau da kuma mai ita. Wadda ake jira ta faɗo, ake wankewa, ake binnewa a bayan ɗaki, mabiyiya ce. Idan aka ce da jariri namiji "an binne mahaifarsa", babu wata ma'ana da za ta zauna sai wannan. Wadda ke buɗewa, ke tsukewa, ke fashewa ko ke yin ƙari, ita ce ta uwar.

Dubi jimla irin wannan a takardar wayar da kai: "Idan mahaifa ta fito, a kai mace asibiti." Mai rubutun yana nufin zazzagowar mahaifa, wato ta sauko ta leƙo waje saboda raunin tsokokin da ke riƙe ta. Tsohuwar da ke karɓar haihuwa a gida za ta fahimci akasin haka, domin a wurinta fitowar mahaifa alheri ce, rashin fitowarta ne tashin hankali. Kuma tana da gaskiya: mabiyiyar da ta wuce rabin awa ba ta faɗo ba tana hana mahaifa tsukewa, jini ya yi ta zuba. Mafita ita ce ka tsayar da doka tun daga layin farko na rubutunka, "mahaifa" ga gaɓar uwa kaɗai, "mabiyiya" ga abin da ke biyo jariri, kuma kada ka sauya don gudun maimaici. A nan maimaici ya fi ado amfani.

Wasu maganganun da suka zauna a bakin mutane ma suna bukatar gyara. "An juya mata mahaifa" ko "an ɗaure mata mahaifa" ba bayanin abin da likita ya yi ba ne. Bututu biyun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa ake ɗaurewa ko yankewa, ita kanta ba a taɓa ta, kuma mace tana ci gaba da ganin al'adarta. Wannan daban yake da cire mahaifa, wanda bayansa babu al'ada babu ciki. Haka "sankarar mahaifa" da "sankarar bakin mahaifa" cututtuka biyu ne. Ta bakin mahaifa ita ce wadda ƙwayar cutar da ake kira HPV ke haddasawa, ita ce kuma wadda Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta a watan Oktoba na 2023. Yar da kalmar "baki" don taƙaita kanu yana sauya cutar gaba ɗaya.

Bin sawun tarihinta

Idan tarihin amfani da kalmar kake nema, jera ƙamusoshi bisa shekaru: na Schön na 1876, na Robinson na 1899, na Bargery na 1934, na Abraham na 1949, sai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. A kowanne duba "haifa", "mahaifa", "mabiyiya", "uwa", "ciki" da "cibiya", ka kwafe ma'anonin yadda aka jero su. Biyun farko ba su sa alamar karin sauti ba, don haka daga bayanin kaɗai za ka gane wace mahaifar suke nufi. Bargery da Abraham sun sa. Ka kuma tuna shekarar ƙamus shekarar da aka rubuta kalma ce, ba shekarar da aka fara furta ta ba, balle kalmar ɗakin mata da kunya ke sa a sakaya da "ciki" ko "mara" a gaban baƙo namiji mai alƙalami.

Idan daga Larabci kake fassarawa

Kalmar Larabci ita ce "rahim", mai gajeren wasali, jam'inta "arham". Boko ba ya raba ta da "Rahim" mai dogon wasali, sunan Allah, don haka koma ga rubutun Larabcin ka ga ko akwai ya'un. Tushensu ɗaya ne, ra'un da ha'un da mimun, tushen da ya ba mu rahama, Rahamatu da Abdurrahman. A hadisin ƙudusi da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Abdurrahman ɗan Aufu, Allah ya ce shi ne Arrahman, ya halicci rahim, ya tsago mata suna daga sunansa. Ibrananci ma yana da wannan haɗi tsakanin kalmar mahaifa da ta jinƙai.

Neman tushen ya danganta da ƙamusun da ke hannunka. Lisanul Arab na Ibn Manzur da Alƙamusul Muhiɗ na Firuzabadi (daga sunan wannan ne muka sami kalmar "ƙamus") harafin ƙarshe suke bi a asalin tsarinsu, don haka babin mimun za ka buɗe, sannan faslin ra'un. Maƙayisul Luga na Ibn Faris harafin farko yake bi. Kada ka tsaya a littafi ɗaya, domin malaman ba su haɗu a kan wace ma'ana ta riga wata ba. Ibn Faris ya mayar da tushen ga taushin zuciya da tausayi, ya ce an kira mahaifar mace rahim ne don daga cikinta abin tausayi yake fitowa. Ragib na Isfahan ya fara daga gaɓar, ya ce an aro sunanta aka ba dangantaka saboda dangi daga mahaifa ɗaya suka fito.

"Arham" ta zo sau 12 a Alƙur'ani. A wurare 7 gaɓar ake nufi, kamar Ali Imrana aya ta 6 da Luƙman aya ta 34. A wurare 5 dangantaka ake nufi: Nisa'i 1, Anfali 75, Ahzabi 6, Muhammad 22 da Mumtahana 3. Aikatau zai nuna maka. Wadda ake suranta ɗa a cikinta mahaifa ce. Wadda ake sadarwa, ake yankewa, ake tsarewa, zumunta ce. Bahaushe bai taɓa ɗora ma'anar dangantaka a kan "mahaifa" ba, a kan "ciki" da "uwa" ya ɗora ta: cikinmu ɗaya, ɗan'uwa, 'yar'uwa. Wanda ya fassara "yanke arham" da "yanke mahaifa" ya fita daga wa'azi ya shiga ɗakin tiyata. "Yanke zumunci" ake cewa, kishiyarsa "sada zumunci". "Muharrami" kuma ba ta cikin wannan gida ko kaɗan, tushenta ha'un, ra'un, mimun ne, na haramci, haruffan ne kawai suka yi kama.

A babin gado kalmar ta ƙara ƙuntata. "Ulul arham" na ayar Anfali dangi ne gaba ɗaya, amma "zawul arham" a fiƙihu su ne dangin da ba su da rabo ayyananne kuma ba asaba ba ne (wato magadan da ke kwashe abin da ya rage bayan an ba masu rabo nasu): kawu, inna, gwaggo, uban uwa, 'ya'yan ɗiya mace. A tsohon ra'ayin Malikiyya ba sa gado, baitulmali ake kai wa abin da ya rage, yayin da Hanafiyya da Hanbaliyya suke ba su idan babu waɗanda suka gabace su. Malaman Malikiyya na baya sun koma ga ba su a inda baitulmali ba ta tsaru ba. Yawanci ana fassara kalmar da "dangin uwa", kuma wannan kuskure ne ta fuska biyu: gwaggo daga wajen uba take amma tana cikinsu, ɗan'uwan da aka haɗa uwa kaɗai da shi kuwa ba ya cikinsu, domin yana da sudusinsa a nassi. Bar kalmar da Larabcinta, ka biyo ta da jerin mutanen da ta ƙunsa.