Yadda za ka je magangarar ruwan Sao Nicolau a tsibirin Sao Tome daga Legas

Jama'a, mu da ke zaune a Legas idan aka ce hutu sai hankali ya tafi Dubai ko a ce sai dai Umara, alhali ga wani tsibiri nan cikin tekun nan da muke kallo kullum, can kudu da mu daf da layin ikwaita. Sao Tome sunansa, shi da ƙaninsa Principe ƙasa ɗaya ce, sun samu 'yanci daga Fotugal a 1975, kuma har yarjejeniyar haƙar mai muke da ita da su tun 2001. Daji ne kore shar, ruwa na gangarowa daga duwatsu ta ko'ina, kuma wanda ya fi sauƙin zuwa shi ne na Sao Nicolau.

Toh fara da takardu, don nan ne mutanenmu ke faɗuwa. Ƙasar ba ta cikin ECOWAS, saboda haka kar ka ɗauka irin tafiyar Kwatano ce da za ka hau mota daga Mile 2 ka bi ta Seme. Sai da biza, kuma a nema tun kana gida. Sai katin rigakafin shawara, wannan yalo ɗin, in ba ka da shi ka leƙa ofishin lafiya na filin jirgin Murtala a Ikeja da wuri, don allurar sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki. Jirgi kuwa yawanci sai an yada zango a wata ƙasar, kamar Accra ko Libreville, kuma ba kullum ake tashi ba, ka sa ejan ɗinka ya duba maka ranar dawowa da kyau kar ka je ka maƙale aljihu ya ƙare.

Maganar kuɗi fa ita ce babba. Dobra suke kashewa, kuma an ɗaure ta da yuro, dobra 24.5 yuro ɗaya. Kar ka dogara da katin bankinka, kar kuma ka ce za ka nuna naira wani ya kalle ka. Ka je wurin 'yan canjinmu tun a nan ka haɗa yuro, ka ce a sa maka ƙananan takardu na 5 da 10 da 20, ba ɗari-ɗari ba, don mai tasi ko mai ayaba a bakin hanya ba shi da canjin da zai ba ka.

Yare kuma Fotugis ne, turancinka da Pidgin ɗinka na Mile 12 ba za su kai ka ko'ina ba. Ka haddace ƴan kalmomi: "bom dia" ina kwana, "quanto custa" nawa ne, "obrigado" na gode, sai wadda ta fi duka amfani gare mu, "sem porco", wato ban da alade. Musulmi kaɗan ne a can, don haka nama ka bar shi kawai ka kama kifi, ga shi nan sabo daga teku a gasa maka da ayaba. Miyarsu da suke alfahari da ita, calulu, da manja da ganyaye ake yi, akwai daɗi amma ka tambaya da me aka dafa kafin ka sa hannu.

Daga babban birni ka ɗauki shatar tasi, nasu ma yalo ne kamar danfo sai dai ba kwandasta mai ihu, ku daidaita kuɗin zuwa da jira da dawowa tun kafin ka shiga. Hanyar ta bi ta garin Trindade tana hawa tana lanƙwasa, iska na ƙara sanyi, har ku wuce Monte Cafe, tsohuwar gonar kofi ce tun ƙarni na 19, ku ɗan ƙara gaba sai ka fara jin ƙarar ruwan kafin ka gan shi. Abin daɗin shi ne yana bakin hanya, ba sai ka yi doguwar tafiya ba, ko Hajiya da yara za su iya. Amma ƴan matakan sauka ɗin nan, wallahi a kula. Gansakuka ce ta lulluɓe duwatsun, kore mai laushi kamar ba komai, ka taka da silifas ko da takalmin fata mai sumul ɗin ƙasa sai dai ka ji ka a zaune. Kambas mai kama ƙasa za ka sa. Babbar riga da hula zanna a bar su a masauki, feshin ruwan kaɗai ya isa ya jiƙa ka jagab, wayarka kuma ka sa ta a leda mai zif.

Lokacin zuwa ya danganta da abin da kake so. Daga Yuni zuwa Satumba rani ne a wurinsu, gravana suke ce masa, hanya ta fi kyau amma ruwan yana raguwa. Da damina ne yake zubowa da ƙarfinsa, sai dai taɓo da santsi. Ni dai a ganina farkon rani ya fi, ruwa bai ja baya sosai ba kuma ba ka fama da laka. Abu ɗaya da ba a wasa da shi: in ka ga ruwan ya fara sauya kala zuwa ja ko ganyaye da ƙiraruwa sun fara biyo shi, fita nan take, an yi ruwan sama a saman dutse ne, kuma yana iya ƙaruwa cikin mintuna ko da rana ake ƙwallawa inda kake tsaye.

Ka fita da sassafe. Agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya, kuma kafin ƙarfe 6 na yamma duhu ya fara shigowa, ga hazo da ke saukowa kan dutsen da rana. Ka riƙe darduma ƙarama da ruwan sha na gora, na magangarar ya yi alwala amma ban ba ka shawarar sha ba. Maganin shafawa na sauro ma dole, zazzaɓin cizon sauro akwai shi can kamar nan.

In ƙafarka na da ƙarfi ka ƙarasa lambun Bom Sucesso, daga nan ake shiga gandun dajin Obo da aka kafa a 2006, har zuwa Lagoa Amelia, tsohon bakin dutse mai aman wuta da ciyawa ta rufe. Wannan kam kar ka shiga sai da ɗan jagora na wurin, ka biya shi haƙƙinsa ba tare da dogon ciniki irin na Alaba Rago ba, don akwai baƙin kumurci a dajin, shi ya san inda ake sa ƙafa.

Wanda kuma yuro ya yi masa tsada a yanzu, magangarar ruwan Erin Ijesha na nan a jihar Osun, hawa bakwai ce, a mota za ka je, ka gwada kambas ɗin naka da numfashinka a can tukuna.